MU LEƘA TARIHI: Jarmen Tiliyon, macen da ta ƙi saranda

A garuruwanmu da yawa akwai gidan da ake kira gidan tsohon soja, don kakansu ya je yaƙin Hitila. Labarin wannan wata na wata Bafaranshiya ce, Jarmen Tiliyon (Germaine Tillion), wadda ta tsaya ma irin waɗannan sojoji sa'ad da suka shiga hannun Jamus.

An haife ta a 1907. Malama ce mai binciken al'adun mutane. Daga 1934 zuwa 1940 ta zauna cikin duwatsun Ores na Aljeriya, tare da manoma da makiyaya, tana rubuta yadda suke zamansu. Ta koma Pari a watan Yuni na 1940, ta tarar Jamus ta ci ƙasarta. Ran 17 ga watan, Marshal Petan ya faɗa a rediyo cewa a daina yaƙi. Ita da bakinta ta ce da ta ji haka sai da ta yi amai don baƙin ciki.

To, mace ba bindiga, me za ta yi? Ga abin da ta yi. Jamusawa sun kama dubban sojojin baƙar fata, waɗanda ake ce ma tirayar. Saboda ƙyamar launin fata ba su so su riƙe su a Jamus ba, sai suka tsare su a sansani cikin Faransa. Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal daga baya, yana cikinsu. Mutanen nan ba uwa ba uba a kusa, ba mai kai masu ko loma guda. Jarmen ta haɗu da wani tsohon kanar, Pol Howe (Paul Hauet), mai shekara fiye da 70. Suka tada wata ƙungiyar taimakon sojojin ƙasashen mulkin mallaka. A fili, aikinsu aika ƙunshin abinci da tufafi da wasiƙu. A ɓoye kuwa, wanda ya gudu daga sansani su samo masa kayan farar hula, da takardun jabu, da gidan kwana, da wanda zai ƙetarar da shi zuwa kudu inda sojan Jamus ba su kai ba tukuna.

Ku duba fa: Bature in ya gudu yana iya sajewa da jama'a. Baƙin mutum a titin Pari kuwa, daga nesa ake hango shi. Wanda ya ɓoye shi ya sa wuyansa cikin igiya.

Aikin ya haɗa ta da wasu malamai na gidan tarihin da ake kira Musée de l'Homme. Aka kama su, aka harbe 7 daga cikin mutanen ƙungiyar ran 23 ga Fabrairu 1942. Ba ta daina ba. Amma ɓarawon gida ya fi na waje wuyar kamu. Wani limamin coci, Robert Alesch, yana cin kuɗin Jamus a asirce. Shi ya bashe ta, aka kama ta a tashar jirgin ƙasa ran 13 ga Agusta 1942. Aka kama uwarta Emili ita ma.

Bayan fiye da shekara guda a gidan kaso, aka kai ta Rabensburuk a Jamus, sansanin mata, a watan Oktoba 1943. Can ma ba ta zauna haka nan ba. Ta riƙa lura: wa ke ba da umurni, wa ke cin ribar aikin tilas, su wa aka kashe. Sunayen manyan masu gadi ta ɓoye su cikin rubutu mai kama da bayanin dahuwar abinci. Har wasan ban dariya ta rubuta, tana ɓoye cikin akwati, don ƴan uwanta fursunoni su samu ƙarfin zuciya. A watan Maris 1945 aka kashe uwarta da iskar guba. Kusan wata biyu bayan haka, ƙungiyar agaji ta Kurwa-Ruj ta ƙasar Suwidin ta fitar da ita.

Wani abu kuma ya ƙara mata daraja. Lokacin yaƙin Aljeriya, da sojan ƙasarta suka shiga azabtar da mutane, ba ta ce nawa ne a yi shiru ba. Ta fito ta yi tir da abin, ta yi ta neman a sassauta ma waɗanda aka yanke ma hukuncin kisa.

Ta rasu a 2008 tana da shekara 100. A 2015 Faransa ta sa sunanta a Panteyon, inda ake girmama manyan ƙasa.

In akwai tsohuwar lambar soja ajiye cikin adakar gidanku, ku tambayi dattawa inda mai ita ya yi zaman kaso, da wanda ya ba shi abinci. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.