Manyan Makanikai Da Tukunyar Gas

Tun daga ranar 29 ga watan Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, direbobi da yawa suka shiga neman a juya musu motocinsu su koma aiki da iskar gas, watau CNG. Wannan sauyi ya jefa manyan makanikai da injiniyoyi, har da 'yan Arewa masu gareji a Agege da Sabon Ibadan da Fatakwal, cikin wani hali mai nauyi. Mutumin da ya shekara ashirin yana kwance inji yana ɗaurawa, wanda da jin kukan mota ya san ciwonta, yau ga shi tsaye yaron da bai kai ɗansa ba yana nuna masa yadda ake ɗaura tukunya.

Waɗansu sun haɗiye girma sun zauna koyo. Waɗansu kuwa suna cewa ai inji duk inji ne, kuma a nan haɗarin yake. Iskar da ake durawa cikin tukunyar CNG ƙarfinta ya kai ba 200, kusan ninki ɗari ke nan na iskar tayar ƙaramar mota. A watan Oktoba 2024 wata mota mai tukunyar haɗin gida ta fashe a birnin Benin ana cikin dura mata gas, mutane suka ji rauni.

Duk wanda kunya ta hana shi komawa ɗan koyo, ya kamata ya san labarin da ya faru a Suleja, tun tana amsa sunan Abuja. A farkon shekarun 1950 wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe makarantar ginin tukwane a garin, bayan ya ga tukwanen wata Bagwariya, Ladi Kwali, a fadar Sarki Sulaimanu Barau. Lokacin da ta shiga makarantar a 1954, mace ta farko, ta riga ta zama gwanar da sarakuna ke ajiye aikinta. Amma da hannu take gini, a fili ake gasawa. Faifan juya yumɓu, da ruwan ƙyalli, da tanderu mai zafin fiye da digiri 1,200, duk baƙi ne a wurinta, sai ta zauna ta koye su daga tushe.

Abin lura shi ne tsohon saninta bai tafi a banza ba. Kunama da kada da hawainiya da take zanawa tun a ƙauyen Kwali su ne suka bi ta cikin sabon aikin, har suka kai ta Ingila da Amurka. Ko da yake, randar da aka shafa wa ƙyalli ba ta sanyaya ruwa kamar ta gargajiya, kowace fasaha da abin da take ci. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984, ga hotonta nan a bayan takardar Naira 20.

Haka lamarin makanike yake. Kunnensa da hannunsa suna nan da amfaninsu, domin har gobe injin gas yana da fulogi da bawul. Abin da bai sani ba ne kaɗai zai koya, amma lalle ne ya koye shi a wurin da aka amince da shi, ya karɓi takardar shaida. Ya kamata ƙungiyoyin makanikai da sarakunan Hausawa na zango-zango su nema wa mutanensu horon dare ko na ƙarshen mako, da bayani cikin Hausa, tun da magidanci ba zai rufe gareji wata uku iyali na jira ba. Su kuma masu koyarwa su daina yi wa dattawan sana'a kallon yaran shago. Mai mota kuwa, kafin ya miƙa makulli, ya nemi ganin takardar mai aikin da hatimin gwajin da ke jikin tukunyar.