Ƙyallayen da teloli ke sharewa sun cancanci rayuwa ta biyu

Duk wanda ya leƙa shagon tela ana saura mako guda Sallah ya san yadda ƙasan shagon ke kasancewa. Guntayen atamfa da shadda da leshi da yadi sukan taru har su rufe ƙafar keken ɗinki, yaron shago ya share su da dare ya cusa a buhu. Kaɗan daga ciki sukan shiga matashin kai ko su zama tsumman goge-goge. Sauran kuwa bola ce makomarsu, ko kwata, ko wuta. Ra'ayina shi ne muna zubar da kayan aikin wata fasaha da ta kai sunayen matan ƙauye manyan gidajen tarihi a wasu ƙasashe, alhali muna da tushenta a gida.

Fasahar da nake nufi ita ce ɗinkin bargon ƙyalle. Hawa uku ake yi masa. A sama akwai ƙananan ƙyallaye da aka yanka aka harhaɗa su bisa wani tsari, a tsakiya a shimfiɗa auduga, a ƙasa kuma a sa shafi. Daga nan sai a bi da allura ana ratsa hawa ukun gaba ɗaya, layi bayan layi, domin kada audugar ta dunƙule gefe guda. Ɗinkin nan na ƙarshe shi ke riƙe bargon, shi ne kuma ke fitar da wani zane na biyu a kan na farko.

Bahaushe bai kamata ya ji wannan bayani baƙo a kunnensa ba, domin haka ake yin lifidi. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kananeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara shigo da lifidi tare da kwalkwali da sulke. Tufa ce da ake cusa wa auduga a bi ta da ɗinki, a lulluɓe doki da mahayinsa domin kibiya ta rasa hanyar shiga jiki. Mayaƙan Borno ma sun shahara da shi. Har gobe 'yan lifida na fitowa a hawan Sallah, da yawansu cikin lifidin da aka haɗa da ƙyallaye masu kusurwa uku, ja da rawaya da kore. Wato hannun da ya san wannan aiki yana ƙasar nan fiye da shekara ɗari shida. Mun dai bar shi a bayan doki, ba mu shigo da shi ɗaki ba.

A Amurka, inda ɗinkin ya zama abin sha'awar miliyoyin mutane, talauci da sanyi ne suka rene shi a gidaje da dama, musamman na baƙaƙen fata a kudancin ƙasar. An haifi Harriet Powers cikin bauta a jihar Jojiya a 1837. A 1886 ta baje wani bargo da ta zana labaran Baibul a kansa da ƙyallaye, bayan 'yan shekaru kuma matsin rayuwa ya sa ta sayar da shi dala biyar kacal. Yau bargon yana ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washinton, wani na biyu da ta ɗinka kuma yana gidan kayan fasaha na Boston.

Labarin da ya fi kama da halinmu shi ne na Gee's Bend, wani ƙauye a jihar Alabama da kogi ya kusan zagaye shi. Mazaunansa jikokin bayin da suka noma auduga ne a wurin, har da yawansu na amsa sunan Pettway, sunan wanda ya mallaki gandun tun 1845. Gidajensu na katako ne, iska na shiga ta ko'ina, don haka mata suka riƙa yayyanka tsofaffin wandunan aiki da buhunan gari suna ɗinka abin rufa. Akwai wadda ta harhaɗa kayan gonar mijinta bayan rasuwarsa ta yi bargo da su, domin ta riƙa lulluɓa da abin da ya taɓa jikinsa. A 1966 matan yankin suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa ta masu ɗinki. A 2002 aka baje bargunansu a gidan kayan fasaha na Houston, daga can aka kai su gidan Whitney a New York, masu sharhi suka jera su da manyan masu zanen zamani. A 2006 hukumar gidan waya ta Amurka ta buga hotunansu a kan sarki.

Abin da ya ɗauki hankalin masana shi ne yadda matan ke sarrafa launi. Ba su tsaya kan ma'auni ba, layi kan karkace, wani jan ƙyalle ya faɗo a tsakiyar shuɗi inda ba a zata ba, amma idan aka ja da baya aka duba sai a ga komai ya zauna. Al'ummar Amish kuwa, masu gudun ado saboda addini, sun bi wata hanya: yadi marar zane, baƙi ko shuɗi mai duhu, sai a ratsa shi da ja ko shunayya. Akwai kuma tsohon tsarin da ake kira ɗakin katako, wanda ake fara shi da ɗan jan murabba'i a tsakiya a matsayin murhu, a kewaye shi da siraran ƙyallaye, rabi masu haske rabi masu duhu. Darasin da mai koyo zai ɗauka a nan shi ne, tazarar haske da duhu ta fi yawan launuka muhimmanci. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin atamfa tana da surutu. Idan aka jera kala goma kusa da juna sai ido ya rasa wurin sauka, amma da an raba su da farar shadda ko baƙin yadi sai kowace ta samu bakin magana.

Batun zane kuwa, ba mu da dalilin aro. Ga dagi da ke jikin gine-gine da tufafinmu, ga aska biyu da aska takwas na babbar riga, ga zanen bangon gidajen Zariya da Kano, ga kewayen faifai da sassaƙar ƙwarya. Luru da gwado, waɗanda kakanninmu suka lulluɓa da su, da siraran ƙwarya-ƙwaryar saƙa ake haɗa su, ana ɗinke wannan da wancan. Marinar Ƙofar Mata kuma tana fitar da shuɗi hawa-hawa, daga mai haske zuwa wanda ya kusa baƙi, abin da mai haɗa ƙyalle a ko'ina zai so ya samu.

Na san za a ce tufa mai faci alamar tsiya ce a wurinmu, har akan alaƙanta tsummokara da taɓin hankali. Gaskiya ne haka ake kallonta, sai dai kallon ba ya dawwama. Ansar ɗin Mahadi a Sudan sun mayar da jibba mai faci tufar girma a shekarun 1880, mabiya Shehu Ibra Fal a Senegal kuma har yau da rigunan haɗe-haɗe ake gane su, suna alfahari da hakan. Za a kuma ce bargon China ya cika kasuwa, ga araha ga taushi. Wannan ma haka ne, kuma duk wanda ya ce bargon hannu zai yi gasar farashi da na inji yaudarar kansa yake yi. Bargo ɗaya kan ci makonni, wani lokaci watanni. Darajarsa tana ga abin da ya ƙunsa: ragowar ankon bikin 'ya, zanen goyon ɗan fari, rigar mahaifin da ya riga mu gidan gaskiya. Irin wannan ba a samun sa a Kantin Kwari ko nawa mutum ya riƙe.

Shi ya sa nake ganin ya dace a fara ɗaukar sa a matsayin abin sha'awa kafin a yi maganar ciniki. Mun saba auna kowane aikin hannu da kuɗin da zai kawo, abin da bai kawo ba mu ce ɓata lokaci ne, alhali sa'o'i nawa waya ke cinye mana a rana ba tare da mun ƙirga ba. Allura da zare da almakashi sun isa a fara, babu ruwan mai ɗinki da wutar lantarki. Aiki ne da mata huɗu ko biyar za su kewaye shi suna hira, kamar yadda ake zaman kitso ko saƙar hula, kuma bai haramta ga maza ba, tunda su ke ɗinkin lifidi da aikin babbar riga.

Idan abin ya kai ga kasuwa, tarihin Amurka ya bar mana gargaɗi. Dala biyar ɗin Harriet Powers ba ita kaɗai ta shafa ba. Matan Gee's Bend ma sun daɗe suna sayar da aikinsu da arha kafin duniya ta san su, har wasunsu suka kai ƙarar dillalan da suka tallata su a 2007. Duk ƙungiyar da za ta koyar da wannan ɗinki a nan, ta fara da koya wa mai ɗinki rubuta sunanta da shekara a bayan bargonta, da sanin kuɗin kwanakin da ta ɓata a kansa.

Abin da ake buƙata bai taka kara ya karya ba. Ƙungiyoyin teloli su ware buhun ƙyallen auduga daban da na roba. Cibiyoyin koyar da mata sana'a da makarantun sakandare su sanya darasin cikin aikin hannu. Masarautu kuma su nemo tsofaffin maɗinkan lifidi su haɗa su da matasa tun suna raye, domin ilimin da ke hannunsu ba a rubuce yake ba. Hunturu na tafe kamar kullum, ƙyallayen Sallar da ta wuce kuma suna nan cikin buhu suna jiran wanda zai zauna da allura.