Rashin haihuwa: Abin da masu tallar maganin maza ba sa faɗa a kasuwar Maigatari

Duk ranar Alhamis, kafin ka isa kara a kasuwar Maigatari, sai lasifikar masu maganin maza ta tare ka. Alƙawarinsu ɗaya ne: ƙarfi. Amma ƙarfin saduwa daban, iya haihuwa daban, kuma rashin bambance su ya kashe aure da dama, domin matar ake fara tuhuma.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida kan fuskanci matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa. Likitoci kuma sun daɗe suna cewa a kusan rabin ma'auratan da abin ya shafa, akwai hannun namiji.

Wani ɓangare na matsalar yana wurin da ba a zato, wato kitse. Fatar da ke lulluɓe da ƙwayar maniyyi da kitse aka gina ta, musamman nau'in da ake kira DHA. Jiki yana da wasu sinadarai, enzayim, masu narka kitse da sauya shi zuwa irin wanda maraina ke buƙata. A 2000, masu bincike a Japan sun cire wa ɓeraye ɗaya daga cikinsu, HSL. Mazan suka kasa haihuwa, matan kuwa suka ci gaba da haihuwa. A 2010, a Jami'ar Illinois ta Amurka, aka ga ɓerayen da ba su da enzayim mai haɗa DHA ba sa iya ƙera lafiyayyen maniyyi. Da aka sa musu DHA a abinci, haihuwa ta dawo.

Ɓera ba mutum ba ne, kada wani ya ruga kantin magani. Abin da ya fi tabbata ga ɗan Adam shi ne illar teɓa. A cikin kitsen jiki akwai enzayim mai suna aromatas, wanda ke juya sinadarin maza zuwa na mata, sai ƙera maniyyi ta ragu. Ga kuma zafi: maraina na son sanyi kaɗan ƙasa da na jiki, shi ya sa suke waje. Direban da ke wuni a kujerar tirela tsakanin Gumel da Kano cikin bazara ya lura da wannan. Masu kiwo ma sun san ragon da aka turke don layya ba shi ake zaɓa don barbara ba.

Riɗin da ake nomawa a Gagarawa da Sule Tankarkar abinci ne mai kyau, sai dai ba ya ɗauke da DHA. Kifi ne ke da shi, musamman mai maiƙo irin sadin da titus. Kuma da yake maniyyi kan ɗauki kimanin kwana 74 kafin ya kammala, duk mai cewa kwalbarsa za ta gyara shi cikin mako guda, ka riƙe kuɗinka.

A ganina babban cikas ba tsada ba ce, kunya ce. Gwajin maniyyi ya fi yawancin gwaje-gwajen mata sauƙi da araha, ana yin sa a manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano. Duk da haka magidanci kan gwammace ya ƙara aure sau biyu kafin ya yarda a ba shi kwalbar gwajin.