Difloma da Son Aiki

Kowace shekara, idan damina ta kama, sakamakon jarrabawa yakan fito: ga masu barebe, ga masu bak, ga masu diflomar jami'a. Uwaye su yi guɗa, dangi su yi ta barka. Murna ce da ta dace, gama lokacin da Nijar ta samu mulkin kai a 1960 ba ta da jami'a ko ɗaya. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, wadda ta zama jami'a a 1973. Maradi da Tawa da Damagaram kuwa sai a 2010 suka samu nasu. Wanda ya rena difloma bai san wahalar da ƙasa ta sha a kanta ba.

Amma akwai wani ciwo da ya kamata mu faɗa wa juna. Wasu sun ɗauki takardar shaida tamkar hanyar samun kujera da albashi kurum. Sai ka ga malamin lakwal an tura shi ƙauye, tun bai kwance kaya ba yana neman mai maido shi birni. Sai ka ga ma'aikacin gona wanda takalminsa bai taɓa taka kunya ba. Talakan da aka karantar da su da harajinsa, shi ne ke wuni a ƙofar biro yana jira.

Mu dubi mazan jiya guda biyu. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya yi karatun kimiyya a Faransa har ya kai ƙololuwa. Da ya so, da ya yi zamansa can cikin daɗi. Sai ya dawo gida ya riƙe ofishin binciken ƙarfin rana daga 1969, inda aka ƙera na'urorin ɗuma ruwa da na dahuwa da zafin ranar da kowa ke kuka da ita. Tun 1964 ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka, yana kira a koyar da yara cikin harsunansu. Ya rasu a 1991, jami'ar Yamai kuwa sunansa take ɗauke da shi.

Bubu Hama shi bai shiga jami'a ba. Makarantar William Ponty ta Senegal ya yi, ya fara koyarwa a 1929. Son tarihin mutanensa ya sa ya yi ta bin tsofaffi yana rubuta abin da suka sani, har ya bar littattafai masu yawa, ya kuma samu babbar kyautar adabin Afirka a 1971. Takardunsu ba ɗaya ba ne, amma ƙaunar aikinsu ɗaya ce, ita ce kuma ta sa ake tunawa da su.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ma'aikatu: ku nemi difloma wajen ɗaukar mutum, gama ba a ba jahili allura, amma wajen ƙarin girma ku dubi abin da hannunsa ya yi. Ku kuma da kuka gama ajin yaƙi da jahilci, kada ku rena ƴar takardarku. Wanda ya riƙe littafin lissafin ƙungiyar manoma da gaskiya da himma ya fi mai difloma uku da ke gyangyaɗi a kan tebur amfani ga ƙasa.

Hausawa sun ce: ba girin-girin ba, ta yi mai. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, da zuciyar yin aiki da shi.