Kayan yara a kasuwanninmu: Ina hoton namu jaruman?

Duk wanda ya zagaya kasuwa a ƙarshen damina, lokacin da ake shirin komawa makaranta, ko ana gobe Sallah, ya san abin da muke nufi. Daga rumfunan ƙauyukan Gamu zuwa kasuwar Gure, har kasuwar Dole ta Damagaram, kayan yara kusan iri ɗaya ne: jakar makaranta mai hoton Spider-Man, riga mai tambarin Batman ko Superman, 'yar tsanar roba fara sol mai gashi kalar zinari. Mu ne ke saro su, mu ne ke baje su, kuma 'ya'yanmu da jikokinmu ne ke kukan a saya musu. Sai dai ba kasafai muke tsayawa mu tambayi kanmu ba: me ya sa a duk tulin nan babu fuska ɗaya mai kama da tamu?

Wani zai ce ai wasan yara ne, me ya yi zafi? To, waɗanda suka ƙirƙiro waɗannan jarumai ba su ɗauke shi wasa ba. An fara zana Superman a 1938, Batman a 1939, Spider-Man kuwa a 1962, duk a Amurka. A 2009 kamfanin Disney ya sayi kamfanin Marvel, mai Spider-Man, a kan kuɗi kimanin dalar Amurka biliyan 4. Ba takardun zane ya saya ba, labarai da fuskoki ya saya, domin ya san yaron da ya so jarumi a fim zai so shi a jikin riga da jaka da takalmi.

Su ma can sun daɗe suna wannan muhawara. A shekarun 1940 wasu masana baƙaƙen fata, Kenneth Clark da matarsa Mamie, sun riƙa ajiye wa yara baƙaƙe 'yar tsana fara da baƙa suna tambayarsu wacce ta fi kyau. Da yawa daga cikin yaran suka zaɓi farar. Wannan bincike yana cikin hujjojin da kotun ƙolin Amurka ta duba a 1954 lokacin da ta haramta raba makarantun farare da na baƙaƙe. Mu da muke ganin yadda man bilicin ke tashi a rumfunanmu bai kamata wannan labari ya zame mana baƙo ba.

Daga baya manyan kamfanonin sun gano cewa akwai riba a sauya fuskar jarumi. Black Panther, sarkin wata ƙasar Afirka ta ƙage, tun 1966 aka zana shi, amma sai a 2018 aka yi masa babban fim, wanda ya tara fiye da dala biliyan 1.3 a duniya. Matar da ta tsara suturar fim ɗin, Ruth Carter, ta ɗauko ado daga al'ummomin Afirka da dama, har da Abzinawa, ta kuma samu lambar Oscar a 2019. Haka nan a 2014 Marvel ya fara buga labarin Kamala Khan, jaruma Musulma 'yar asalin Pakistan, kamfanin Barbie kuma ya fitar da 'yar tsana mai hijabi a 2018. Wannan ci gaba ne, ba mu musa ba. Amma a lura: adon daga wajenmu aka ɗauka, ribar kuwa can ta zauna. Maƙerin Agadas da majemin Damagaram ba su ne suka ci kasuwar ba.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne ba jarumai muka rasa ba. A 1899 Sarauniya Mangu ta Lugu ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine, wadda ta ƙone garuruwa ta kashe jama'a ba adadi. Marigayi Abdullahi Mamani, haifaffen Gudumariya da ke maƙwabtaka da mu, ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ɗauki babbar lambar bikin FESPACO a Wagadugu a 1987. Ga Sarki Amadu Kuran Daga na Damagaram, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Turawa har ya rasa ransa a 1899. Ga Amina ta Zazzau, ga Bayajida da rijiyar Kusugu a Daura. Ga 'yan kokawa, waɗanda tun 1975 ƙasa ke tsayawa cik idan ana neman takobi, irin su Issaka Issaka na Dosso da ya ɗauke shi sau da dama. Kai, tun kafin Bature ya zana mutum-gizo, kakanninmu ke ba da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a dandali. Yau yaron Gamu ya fi sanin gizon Amurka a kan Gizon kakarsa.

Ba kuma masu basira muka rasa ba. Mustafa Alasan, wanda ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara yin fim ɗin zane a Afirka, kuma ɗan Nijar ne. Ya yi fim da kwaɗi suna kokawa. A 1966 ya yi wani fim kan saurayin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka addabi gari. Kusan shekara 60 ke nan da ya hango abin da ke faruwa idan yaro ya sa rigar jarumin wani ya manta da tasa.

To, ina matsalar take? Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin hanyar da kayan nan ke biyowa. Ana yin su ne a masana'antun Sin, manyan dillalai su saro a Yiwu ko Guangzhou, jirgin ruwa ya sauke, su iso Kano ko Maradi, daga nan su gangaro Damagaram, mai tebur ya ɗauko dozin biyu ko uku ya kawo Gure da Gamu. Mai masana'anta bai san Sarauniya ba. Abin da ya sani shi ne hoton da zai sayu a Legas da Alƙahira da Jakarta lokaci guda, ya buga dubbai, farashi ya sauko. Shi kuma yaro yana neman abin da ya gani ne a wayar yayansa, a finafinan da masu tura fim ke loda wa mutane a kati, wasu ma an fassara su da Hausa. Ke nan labari ne ke gaba, kaya na bin sa a baya. Jarumin da ba shi da fim ko zane ba ya samun jaka.

Amma fa hanyar ba a toshe take ba. Duk ranar 13 ga Mayu matan Nijar na ɗaura atamfar da aka buga musamman domin ranarsu. Lokacin zaɓe, cikin 'yan makonni hoton ɗan takara ke bayyana a zane da riga da hula. Injin da ya buga fuskar ɗan siyasa ba zai ƙi buga fuskar ɗan kokawa ba. Maƙwabtanmu ma sun gwada. A Legas, Taofick Okoya ya fara yin 'yan tsana baƙaƙe masu suna Queens of Africa a 2007, cikinsu har da Bahaushiya. Kamfanin Comic Republic ya fara zana jaruman Najeriya a 2013, Roye Okupe ya zana jaruma Malika bisa tarihin Amina, a 2024 kuma Disney da kansa ya haɗa kai da kamfanin Kugali suka fitar da Iwájú, labarin da ke faruwa a Legas. Abin lura shi ne kusan duk wannan yunƙuri daga kudu ya taso, kuma da Turanci ake yin sa. Ko fim ɗin Amina da Netflix ya nuna a 2021 da Turanci aka yi shi. Ga shi kuwa a 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ga masu jin ta miliyoyi daga Gure har Kumasi. Kasuwa ce babba da ba mai rumfa a cikinta.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kansu. Na farko, batun addini. Iyaye da yawa na ƙyamar mutum-mutumi da hoto, kuma malamai sun yi magana mai yawa a kai, ko da yake sananne ne cewa Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana tana ƙarama. Hukunci na malamai ne, amma ba daidai ba ne mu kawar da kai ga hoton Bature mai matsattsun kaya, sannan mu tayar da jijiyar wuya idan aka zana yarinya mai lulluɓi. Na biyu, kada mu yi wa junanmu abin da muke kuka da shi. Gundumar Gure gida ce ta Mangawa da Hausawa da Fulani da Buzaye da Tubawa. Idan aka tashi zana jarumai aka sa Bahaushen birni kaɗai, aka bar Bafulatani da baƙauye a matsayin abin dariya kamar yadda wasu finafinan barkwanci suka saba, to an gudu ba a tsira ba.

Me ke hannunmu? Ba mu ce a daina sayar da Spider-Man ba, kowa da bakin da yake ciyarwa. Amma duk mai zuwa sari ya riƙa tambayar dillalinsa baƙar 'yar tsana da jaka mai adon gida, domin dillalin da ya ji tambaya ɗaya daga bakin mutum 10 zai kai ta gaba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da matan adashi na iya haɗa kuɗi su sa matashi mai zane ya zana, a buga riguna kaɗan a Damagaram a gwada su da Sallah, tare da neman izinin duk mai ran da za a sa hotonsa da ba shi haƙƙinsa. Teloli mata kuwa, ƙyallayen da ake sharewa a zubar sun isa ɗinka 'yar tsana mai zane da kallabi, irin wadda iyayenmu ke yi mana da kara da ƙashi. Jarin kaɗan ne, kuma ba ruwansa da kwastan ko canjin dala.

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kafin Sallah mai zuwa, kowannenmu ya dubi teburinsa ya ƙirga fuskokin da yake sayar wa yara, ya ga ko akwai ɗaya da 'yarsa za ta kalla ta ce wannan kamar ni. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, Ya shirya mana zuri'a.