Komin ɗin Tagriss tsakanin kuɗin Yamai da harajin gida

Tagriss ta gundumar Dakwaro, cikin jihar Maraɗi, tana daga cikin komin 265 da dokar 11 ga watan Yuni 2002 ta kafa, aka kuma zaɓi majalisunsu na farko a ranar 24 ga Yuli 2004. Manufar ita ce talakawa su riƙe ragamar al'amuransu. To, amma da wane kuɗi?

Asusun komin na karkara ƙofa biyu gare shi. Ta farko ita ce ta gida: harajin da hakimai da masu gari ke karɓa a hannun magidanta, da kuɗin kasuwa, da na cinikin dabbobi. Ta biyu ita ce taimakon gwamnati. Domin tsara wannan taimako ne aka kafa hukumar ANFICT a shekarar 2008, wadda ke raba asusu biyu: na tallafa wa tafiyar da mulki, da na daidaita komin masu hali da marasa hali.

A ƙasar manoma da makiyaya kamar Tagriss, ƙofar gida tana bin damina. In hatsi ya yi ƙaranci, ko dabbobi suka faɗi, haraji ba ya shiga, alhali albashin ma'aikata ba ya jira. Saboda haka ne ake zuba wa Yamai ido.

Babu shakka kuɗin gwamnati na da amfani, domin da shi ake gina ajujuwa da rijiyoyi. Sai dai mafi yawansa yana zuwa ne ɗaure da aikin da aka ware masa, kuma lokacin isowarsa ba a hannun komin yake ba. Ga shi a shekarar 2016 gwamnati ta miƙa wa komin wani sashe na nauyin ilimi, lafiya, ruwan sha da muhalli. In kaya ya ƙaru guzuri bai ƙaru ba, kasafin shekara sai ya tsaya a takarda, gyaran famfon da ya lalace kuwa ya rasa mai shi.

A watan Afrilu 2024 hukumomin ƙasa sun rushe majalisun komin, suka naɗa wakilai masu gudanarwa. Shugabanci ya sauya, amma matsalar asusu ba ta sauya ba.

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Wajibi ne gwamnati ta riƙa sakin kasonta kan lokaci, bisa ƙa'idar da kowa ya sani. Wajibi ne kuma shugabannin Tagriss su sabunta ƙidayar masu biyan haraji, su ba da rasit a kasuwa, su karanta lissafin shekara a bainar jama'a. Talakan da ya ga inda dalarsa ta shiga ba zai ɓuya ba ranar karɓa.