Sauya Giyar A-kori-kura: Gyara Ne Ko Ɓarna?

Da yawa daga cikin motocin a-kori-kura na hannu da ake shigowa da su daga Amurka masu giyar otomatik ne, wato masu canza giya da kansu. Da zarar giyar ta fara gardama, shawarar da mai mota kan samu a gareji ita ce a cire ta a sa ta hannu. Shawarar tana da hujja, amma an cika gaggawar bayar da ita.

A mota mai giyar hannu, kuloci ne ke haɗa inji da akwatin giya. Ita kuwa otomatik, wadda kamfanin General Motors ya fito da ita a motocin Oldsmobile na 1940, wata tukunya ce cike da mai ke wannan aiki. A cikinta akwai fanka biyu suna fuskantar juna: inji ya juya ɗaya, ita ta watsa mai, man ya juya ɗayar. Ɗalibi zai iya gwada haka da fankar tebur biyu, ya kunna ɗaya, ya ga iskarta ta juya wadda ba a kunna ba. Ƙarfin da ke zurarewa a tsakaninsu zafi yake komawa. Idan aka yi wa motar lodin da ya fi ƙarfinta a kan hawa, sai man ya ƙone, giya ta lalace. Galibi nan ne asalin ciwon, kuma canza mai a kan kari da ƙara na'urar sanyaya shi kan hana aukuwarsa.

Sauya giya ya yi kama da dashen ƙoda: samun sabuwar gaɓa ba shi ne wahala ba, sai jiki ya karɓe ta. Ana bukatar kuloci da fedarsa, da faifan ƙarfe mai nauyi a bayan inji, da huda ƙasan mota domin sandar giya, wani lokaci har da farfela mai wani tsawo dabam. Sannan ga kwamfutar mota, wadda za ta ci gaba da neman saƙo daga giyar da aka cire.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne makunnin tsaro. Otomatik ba ta tashi sai giya tana kan P ko N. Wasu makanikai kan haɗe wayoyin nan kawai su wuce, daga nan motar za ta iya tashi a cikin giya ta zabura, ko da yaro na tsaye a gabanta.

Tsohuwar mota marar kwamfuta mai jigilar hatsi a ƙauye, inda ake bukatar a tura ta ta tashi idan batir ya mutu, sauyin ya dace da ita. Amma ga sabuwa, kamar Ford F-150 da aka fara yi wa giya 10 a 2017, hujjar tsimin mai ta raunana ƙwarai. Irin wannan mota makanike mai iya karanta kwamfutarta take bukata, kuma kwalejojin fasaha ne ya kamata su horar da shi.